Hoto na Takwas

Yayana mai ɗaukar hoto ne, kuma duk unguwarmu ba mai kiransa da sunan yanka. Ɗaga-Kai ake ce masa, don shekara talatin da wani abu abin da ke fita bakinsa ke nan. Ka zauna a kan doguwar kujerar nan tasa mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ya leƙa kyamara, ya ce ɗaga kai kaɗan, ya danna, an gama hira. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce da za a tara duk maganar da ya yi mata tun aurensu, ba za ta cika kofin shayi ba. Ni da na biyo shi a haihuwa sai aka haɗa min rabona na baki da nasa. Ana jin muryata tun daga bakin titi, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba sai bara.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a gefen tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da jakunkunan tafiya. A bango akwai farin yadi, ni nake ɗinka masa sabo duk shekara tunda ɗinki ne sana'ata. Akwai madubi da ya dushe, da matajin da ya rasa haƙora uku, da wata baƙar kwat rataye a ƙusa wadda yake ara wa samari masu son su fito kamar ma'aikata. Kwat ɗin nan ta shiga takardun neman aikin rabin mazan unguwarmu, kuma ba na jin ta taɓa ganin ruwa.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga hannun wani tsoho mai hoto, zamanin da ake wanke hoto a cikin duhu da kwanon ruwan magani. A wurin tsohon ya gaji wata ɗabi'a da bai taɓa saki ba. Takarda ɗaya tana fitar da ƙananan hotuna takwas. Sai ya sa almakashi ya yanka, ya ba mai hoto bakwai, na takwas ya juya bayansa ya rubuta kwanan wata da sunan wanda ya kawo mutumin, ya jefa a gwangwanin biskit. A da akwai dalili, in naka ya ɓace sai ka dawo a sake fitar maka daga wanda ya ajiye. Yanzu da komai ke cikin kwamfuta ba shi da wani amfani, amma Yaya ya ci gaba. Gwangwani ya cika ya buɗe wani, har suka yi shida a ƙarƙashin tebur. Na sha yi masa tsiya cewa ranar da ya mutu gadon da zai bar mana ke nan, fuskokin mutanen da ko gaisuwa ba za su zo ba.

Shekara uku da suka wuce yaran unguwarmu suka fara tafiya. Wannan an samo mata aikin shago a ƙasar waje, wancan aikin gadi, waccan rainon yara a gidan masu hali. Wata ɗaya, wata biyu ana waya ana dariya, daga nan sai shiru. Sai wani saurayi ya dawo, ya rame har uwarsa ta wuce shi a tasha ba ta gane shi ba. Ya ce suna sauka aka karɓe musu fasfo da waya, aka kulle su a wani gida ana fitar da su aiki kafin gari ya waye, kuma matan da aka tafi da su tare an kai su wani wurin da ya ƙi faɗa a gaban uwarsa. Daga nan aka kafa kwamitin wayar da kai kan safarar mutane. Wani tsohon shugaban makaranta ya zama Shugaba. Ni kuma aka miƙa min lasifika, kowa ya ce ai ba sai an yi zaɓe ba.

Wallahi mun yi aiki, ba zan ce ba mu yi ba. Mun shiga gida-gida, mun tsaya a kasuwa, mun je makarantu. Muna da wani ƙaton ƙyalle da aka buga mana, da hoton wata yarinya an ɗaure mata hannu da sarƙa, an manne mata baki, ga wani ƙato a bayanta ya rufe fuska. Duk matar da ta gani sai ta dafe ƙirji ta gode wa Allah da irin waɗannan ba sa shigowa layinmu. Mu kuma mu ji daɗi mu ce saƙo ya isa.

Ƙyallen nan Anti Mai Turare ce ta buga mana shi. Mace ce kamila a ido, mai sayar da turaruka da atamfofin da take sarowa daga waje. Ba a haihuwa ko rasuwa a unguwar nan ba ta riga kowa zuwa ba, kuma in ta ɗauki jaririnka sai ya kwana yana ƙamshi. Ita ke ba mu rumfa da kujerun roba in za mu yi taro, ita ta ɗinka mana riguna masu rubutu a baya. Muka naɗa ta uwar kwamiti da tafi. Ta ce mana ita da ta saba da hanya ta san masu kai mutane aiki na gaskiya, ta san na bogi. Sai muka sa wannan a cikin bayaninmu. Da bakin nan nawa na riƙa faɗa a lasifika cewa kada kowa ya ba baƙo ɗansa, duk mai son tafiya ya nemi wanda aka sani a unguwa. Wa aka sani a unguwa in ba ita ba? Talla muke yi mata, da rigarta a jikinmu, kamar wasu dolaye.

Auta 'yar ƙaninmu ce da ya rasu, a hannuna ta tashi tun tana shekara shida, kuma ban taɓa haihuwar mace ba sai ita ta zame min. Ta yi karatun kula da marasa lafiya, ta fito da sakamako mai kyau, ta shekara uku tana tsaye a wani kemis tana miƙa ƙwayar ciwon kai. Ranar da Anti ta ce akwai gurbi a wani asibitin tsofaffi a waje, kuma ba ta ga wadda ta dace ba sai Auta, har ƙasa na durƙusa na yi mata godiya. Aka sa tafiya ranar Alhamis ta makon gaba. Babban taronmu na shekara kuma Asabar ɗin da ke kafinta.

Ranar Litinin Anti ta kai Auta shagon Yaya a yi mata hoton takardu. Kafin rana ta yi tsaka sai ga yarinyar ta dawo gida tana huci. Ta ce Baffa ya kunyata ta a gaban mutane. Wai ta zauna a kujera ta gyara mayafi, ya ɗaga kyamara, ya kalli Anti da ke tsaye a bakin ƙofa, ya sauke kyamara ya ce ta lalace. Alhali yanzu-yanzu a gabansu ya ɗauki wani direba. Na ce ta rabu da shi, tsufa ne, zan je in same shi.

Shi ya riga ni. Da yamma ya shigo da gwangwani biyu a hammata, ya ture yadin da nake yanka, ya fara jera ƙananan hotuna a kan teburin ɗinkina. Duk na san su. Ga 'yar mai wanki, ga ɗan mai faci cikin baƙar kwat, ga tagwayen gidan kwana. Ya jera goma sha tara, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. A bayan kowanne, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa, an sa kwanan wata, an sa Anti Mai Turare. Ya ware goma sha ɗaya gefe. Ya ce waɗannan iyayensu mata sun zo shago suna neman hoto na takwas, don shi kaɗai ne hoton kirki da ya rage musu na 'ya'yansu, kuma ba wadda ta ji muryar nata cikin shekara guda.

Na tambaye shi tun yaushe ya lura. Ya ce ya kai shekara. Na miƙe tsaye na fara sauke masa kwandon masifa, shekara guda yana zaune a kan wannan yana yanka takarda, yana kallonmu muna yawo da lasifika kamar mahaukata. Ya bari sai da na gaji.

"Na ɗauka aikina hoto ne," ya ce. "Yau da na ga Auta a kujerar na san ƙarya nake yi wa kaina. Kar ki bari ta tafi."

Washegari na kai wa Shugaba hotunan a ɗaure cikin hankici. Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge, ya sake sawa. Ya ce lallai magana ce babba, amma in duba lokaci. An riga an gayyaci manyan baƙi, an buga sunan uwar kwamiti a takardar gayyata, rumfa da kujeru duk daga hannunta za su fito. In aka taɓa ta yanzu taro ya rushe, a yi mana dariya. Ya ce tunda yarinyar sai Alhamis za ta tafi, a bari a gama Asabar lafiya, ranar Lahadi a kafa ƙaramin kwamiti ya bincika cikin mutunci. Abin da ban sani ba shi ne, mutuncin nasa ya kai har ya sa matarsa ta je ta raɗa wa Anti cewa ana wasu 'yan maganganu, don kada abin ya zo mata ba shiri.

Na yarda. Wannan ce maganar da nake tauna kullum ta ƙi haɗiyuwa. Ba wanda ya rufe min baki, ba wanda ya ɗaure min hannu. Na riga na haddace jawabina, na goge rigata, an ce za a ɗauke ni a nuna a talabijin. Na ce wa kaina kwana huɗu ne kawai. Auta ma ban zaunar da ita na nuna mata hotunan ba, don ba na son rigima a gida kafin taro. Na dai ce mata ta ɗan dakata da shiri, akwai maganar da za mu yi ranar Lahadi. Ta ce ai ta san maganar, Baffa ne ya zuga ni, mutumin da bai taɓa wuce tasha ba yana baƙin ciki wani zai ga duniya. Ta ce ta ma riga ta yi hotonta a wurin mai gyaran waya, Anti ta karɓa. Jakarta tana nan a bayan ƙofa, fasfonta yana cikin aljihun gefe, na gan shi da idona ina shara. Na share gefen jakar na wuce.

Ranar Asabar Auta ta ce kanta na ciwo, in yi gaba za ta biyo ni. Aka kafa rumfa a filin da ke bakin babban titi, aka ɗaure ƙyallen sarƙa a tsakanin sanduna biyu. Yaya ne mai ɗaukar hoton taro kamar kullum. Da ya gan ni cikin riga mai rubutu ya tambaye ni ina Auta, na ce tana gida, ya dube ni ya ci gaba da gyara kyamara. Anti tana sahun gaba cikin leshi, an ajiye mata ruwan roba da fanka. Da aka ba ta magana ta yi bayanin yadda zuciyarta ke ƙuna in ta tuna 'ya'yan mutane a hannun azzalumai, har ta share hawaye da gefen mayafi, mata suka taya ta. Ni da na san abin da ke cikin hankicina na tafa mata tare da kowa. Sannan aka miƙa min lasifika, na buɗe murya kusan rabin awa ina gargaɗin iyaye mata su buɗe ido.

Da na koma gida jakar ba ta bayan ƙofa. A kan keken ɗinkina ta bar takarda. Ta ce Anti ta aiko direba wai an matso da jirgi, dole su kama hanya yau, ba lokacin sallama. Ta ce in yafe mata, za ta kira da zarar ta sauka. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Gwaggo, na ji muryarki da muka wuce ta filin." Na ruga gidan Anti da rigar taron a jikina. Maƙwabta suka ce ai daga wurin taro ko gida ba ta shigo ba, kayanta tun ranar Laraba ake fitar da su kaɗan-kaɗan, sun zaci sari za ta tafi.

Muka kai ƙara ofishin da ke bin irin wannan. Matar da ta saurare mu ta yi mana kirki, ta ce abu na farko a kawo hoton yarinyar na kwanan nan, wanda fuska ta fito sosai, don a tura bakin iyaka. Ƙawayenta suka turo na waya. Duk an bi su da abin nan da ke sa fata ta yi fari, ido ya yi girma, ga furanni a ka, ni da na raine ta ma sai da na ƙura ido. Mai gyaran waya ya ce shi ba ya ajiye hoton kowa, yana gogewa. Na juya ga Yaya, mutumin da ke da fuskar duk wani mai rai a unguwar nan cikin gwangwani. Na Auta na ƙarshe da yake da shi tana shekara goma sha biyu ne, da kayan makaranta. Tun da ta girma take cewa hoton Baffa na tsofaffi ne, kuma ranar da ta yarda ta zauna masa shi ya ƙi ɗauka.

Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni shago. Ya fitar da hotunan taro yana dubawa, ya miƙo min ɗaya. Ni ce a ciki, na cika rabin hoton, baki a wangale, lasifika a hannu, ɗan yatsa a sama. Ya nuna min gefen kunnena. Can baya a kan titi wata farar mota ce ke wucewa, gilashin baya a sauke, wata ta leƙo tana kallon rumfa. Mayafin Auta ne, na gane shi don ni na yi masa bakin. Na ce ya ƙara girmansa mu ga lambar motar. Ya ce ya gwada, ƙyallenmu na sarƙa ya rufe daidai wurin.

Kwamiti ya zauna ranar Lahadin kamar yadda aka tsara. Shugaba ya ce duk an yaudare mu, kada kowa ya zargi kansa. Aka yi awa biyu ana gardama a kan yadda za a cire sunan Anti daga takardun kwamiti, da ko za a ci gaba da sa rigunan ko a rina su. Wani ya kawo shawarar a roƙi Yaya ya goge ta daga hoton da muka yi tare, tunda yanzu kwamfuta na iya haka. Ba wanda ya ambaci sunan yaro ko ɗaya cikin goma sha taran. Na ajiye musu lasifikarsu a kan tebur na fito kafin in yi abin da za a kira min 'yan sanda. Yaya kuwa da saƙon ya isa gare shi, sai ya buga hoton da girma, da Anti a tsakiya da Shugaba a damanta da ni a hagunta, ya rataye a saman madubi inda duk mai gyara fuska zai gani. Daga ranar suka daina kiransa aikin taro. Har yanzu suna fita da ƙyallen sarƙar, na gan shi watan jiya a bakin kasuwa.

Yanzu in ka shiga shagon Yaya, gwangwani ɗaya ba ya ƙarƙashin tebur, yana kan kujerar ɗaukar hoto. Duk wanda ya zo hoton tafiya sai ya ɗauke shi kafin ya zauna, kuma Yaya zai ce ya buɗe. Ba ya wa'azi, bai iya ba. Yana tsaye da kyamara a rataye yana jira ka juya hotunan da hannunka. Yawancinsu sun san fuskokin, da wasu suka yi makaranta. Sannan ya tambaye ka wa ya kawo ka, wa zai riƙe fasfonka in ka sauka, ka taɓa jin muryar wani da mutumin nan ya kai. Ranar Talata iyayen yaran nan suna zuwa su zauna a bencin waje, ni ma ina cikinsu, kuma na koyi yin shiru in bar su su yi magana. Wasu masu tafiyar suna tsaki su wuce wurin mai gyaran waya. Amma bakwai sun mayar da murfin gwangwanin sun koma gida ba hoto, ɗaya ma uwarta ta zo ta rungume Yaya a gaban jama'a, ya rasa inda zai sa kansa.

Auta ta kira sau ɗaya, wata na biyar da tafiyarta, da lambar da ba ta shiga in ka mayar. Ta ce Gwaggo, na ce na'am, ta ce a gaida Baffa, a ce masa, sai layin ya yanke. Wata tara ke nan ban sake jin muryarta ba.

Makon da ya wuce na tarar da Yaya da almakashi. Ya buga hoton nan nawa na lasifika, ya yanke ni ya zubar, ya fitar da ɗan kusurwar da motar take, daidai girman hoton fasfo. Fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba, ta dushe, sai mayafin. Ya juya bayansa ya rubuta kwanan watan Asabar ɗin. Ya kai biro wurin da yake sa sunan wanda ya kawo mutum, ya tsaya. Ya ce bai san me zai sa ba, tunda Anti tana zaune a rumfa lokacin, direban kuma bai san sunansa ba. Na karɓi biron daga hannunsa na rubuta Gwaggonta, na jefa a gwangwanin, na mayar da shi kan kujera.